Damfarar "Ƙarin Garantin Mota" ta Waya a Amurka: Yadda Take, Masu Yin Ta, da Barkwancin da Ta Haifar



Duk wanda ya zauna a Amurka tsakanin 2018 da 2022, ko da na 'yan watanni ne, kuma ya riƙe layin wayar ƙasar, da wuya a ce bai ji wannan murya ba. Waya ta yi ƙara, lambar da ta fito ta yi kama da ta unguwarku, ka ɗauka, sai ka ji muryar da aka naɗa tun tuni tana magana da Turanci. Ma'anar abin da take cewa ita ce: "Mun daɗe muna neman ka game da ƙarin garantin motarka." Daga nan sai ta ce wannan shi ne kira na ƙarshe kafin a rufe fayil ɗinka, in kana so ka yi magana da jami'i ka danna 1. Gobe kuma "kira na ƙarshe" ya sake zuwa, jibi ma haka. Mai mota yana samu, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba shi ma yana samu, har yaran makaranta.

Wasu ɗalibanmu sun ga wannan jimla tana yawo a Facebook da TikTok cikin hotunan ban dariya, suka tambaye mu ko wani karin magana ne na Turawa. Ba karin magana ba ne. Asalinta damfara ce da ta ci kuɗin mutane, ta kai wasu kurkuku, ta kuma jawo tarar da hukumar sadarwa ta Amurka ba ta taɓa yanka irinta ba kafin lokacin.

Garanti na gaskiya da abin da ake sayarwa da sunansa

Idan mutum ya sayi sabuwar mota a Amurka, kamfanin da ya ƙera ta yana ɗaukar alkawarin gyara duk wani aibi da ya bayyana daga ƙira, na wani wa'adi. Wanda aka fi sani shi ne shekara 3 ko mil 36,000, wato kimanin kilomita 58,000, duk wanda ya fara cika. Inji da giya sukan samu wa'adi mafi tsawo, shekara 5 ko mil 60,000 a wurin kamfanoni da yawa, Hyundai da Kia kuwa sun shahara da shekara 10 ko mil 100,000. Wannan shi ne garanti. Kuɗinsa yana cikin farashin motar, ba a biyan komai daban, kuma akwai dokar tarayya ta 1975, Magnuson-Moss, da ta tsara shi.

Abin da ake kira "ƙarin garanti" wani abu ne daban, kuma a idon doka ma ba garanti ba ne. Kwangilar gyara ce: ka biya wani kamfani kuɗi, shi kuma ya yi alkawarin biyan makanike idan wasu sassa da aka lissafa suka lalace. Dillalan motoci suna sayar da irinta, wani lokaci kamfanin motar da kansa yana da tasa, kuma dokar ƙasar ba ta hana ba. Gyaran mota a can yana da tsada ƙwarai, domin ana biyan makanike ne a kan awa, kuma in giya ta mutu ko inji ya buga maganar dubban daloli ake yi. A yawancin garuruwansu kuwa wanda ba shi da mota ba shi da hanyar zuwa aiki. To a wannan tsoro ne 'yan damfara suka kafa kasuwarsu.

Yadda kiran yake tafiya

Matakin farko babu mutum a cikinsa. Kwamfuta ce take buga lambobi dubbai a lokaci guda ta hanyar intanet, kuma kuɗin kowane kira bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ko da mutum ɗaya cikin dubu ne ya saurara, riba ta fito. Ba sai sun san kana da mota ba. Sau da yawa lambobi ne kawai ake bi a jere, shi ya sa marasa mota suke samun kiran.

Lambar da ke fitowa a fuskar wayarka ita ma ƙarya ce. Tsarin tarho na da an gina shi ne a kan amana: duk lambar da mai kira ya ce tasa ce, ita ake nuna wa wanda aka kira. Da kira ta intanet ya zo, sai sauya lamba ya zama abu mai sauƙi. Sukan zaɓi lambar da farkonta ya yi daidai da taka, don ka zaci maƙwabci ne ko makarantar yaranka. In ka bi lambar ka kira, wani bawan Allah ne zai ɗauka, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, wataƙila ma kai ne mutum na goma da ya zage shi a ranar.

In ka danna 1, sai a haɗa ka da mutum. Wannan na farkon aikinsa tacewa ne: wace irin mota, ƙirar wace shekara, mil nawa ta ci. In ya ga akwai nama a jikinka sai ya tura ka wurin "ƙwararre", wanda shi ne mai rufe ciniki. Ana biyan masu buga kiran ne a kan kowane mutum da suka tura, kamar ɗan kamasho a tasha. Wannan rabon aiki yana da muhimmanci, domin idan hukuma ta zo, mai sayarwa zai ce shi bai kira kowa ba, mai kira kuma zai ce shi bai sayar da komai ba.

Mai rufe cinikin yana da dabaru sanannu. Zai bar ka ka zaci daga Toyota ko Ford yake kira, ko daga dillalin da ya sayar maka da motar, ko da bai furta haka ƙarara ba. Zai ce garantinka ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, alhali bai ga takardarka ba. Zai ce kwangilar ta haɗa komai daga gaban mota har bayanta. Zai ce farashin na yau ne kaɗai, in ka kashe waya shi ke nan. In ka nemi a aiko maka da takardar ka karanta tukuna, sai ya ce sai an biya kafin alƙalami. Jimlar kuɗin takan kai dala 2,000 ko 3,000, a karɓi wani abu nan take daga katin banki, sauran a riƙa cira wata-wata.

Daga nan masu biya suna rabuwa gida biyu. Wasu babu abin da zai zo musu, lambar katinsu da bayanansu kawai aka kwashe. Wasu kuma takarda tana zuwa da gaske, kuma a ganinmu wannan ne ya fi wayo da mugunta, domin mutum zai kwanta da tunanin ya tsira. Sai ranar da mota ta tsaya a hanya ne zai gane cewa shafukan togaciya sun fi na alkawari yawa. Abin da ya lalace saboda tsufa ba ya ciki. Abin da suka ce ya riga ya fara lalacewa kafin kwangila ba ya ciki. In ba ka ajiye rasidin kowane juyen baƙin mai ba, kwangila ta ɓaci. Wani lokaci sai an kwance injin an duba kafin su yanke hukunci, kuma in suka ƙi biya, kuɗin kwancewar a kanka yake. In ka nemi sokewa a mayar maka da kuɗinka, nan ne za ka gane cewa mutanen da suka "daɗe suna neman ka" ba sa ɗaukar waya.

Danna 2 don a cire sunanka shi ma tarko ne. Abin da ka shaida musu kawai shi ne layin yana aiki kuma mai shi yana sauraro, irin wannan lamba kuwa ta fi daraja a kasuwar sayar da lambobi.

Zagaye na farko: 2007 zuwa 2012

Matasa suna ɗauka abin ya fara ne da zamanin TikTok, alhali ya girme shi. A watan Mayu na 2009 irin wannan kira ya samu Sanata Charles Schumer na jihar Niyok a wayarsa ta hannu, ya fito fili ya nemi a yi bincike. A cikin watan ne hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Shikago a kan wasu kamfanoni, cikinsu har da Voice Touch da Transcontinental Warranty na jihar Filorida, kotu kuma ta dakatar da su. Daga 1 ga Satumba na 2009 hukumar ta haramta kiran talla da muryar na'ura sai da rubutaccen izinin wanda za a kira.

Babban labarin wancan zamani shi ne na kamfanin US Fidelis da ke garin Wentzville a jihar Mizuri, yankin da ya zama cibiyar wannan sana'a. 'Yan'uwa biyu ne suka kafa shi, Darain Atkinson da Cory Atkinson. Kalmar "fidelis" da Latin tana nufin mai riƙon amana, suna ke nan da ya sha bamban da mai shi. A lokacin da yake tashe ya ɗauki ma'aikata sama da 1,000, yana talla a talabijin, yana ɗaukar nauyin motar tsere, yana aika wasiƙu masu kama da na hukuma. Wata dabararsu ita ce sayar da kwalbar wani ruwa da ake zubawa a inji, a ce garantin na ruwan ne, don a kauce wa dokokin da suka shafi kwangilar gyara. Waɗanda suka soke kwangila kuwa ana danne musu wani ɓangare na kuɗin da ya kamata a mayar musu. Kamfanin ya durƙushe a watan Maris na 2010, ya bar dubban mutane da takardu a hannu. A 2012 'yan'uwan biyu suka amsa laifi, aka ɗaure su, babban ya samu shekara 8. Katafaren gidan da ya gina na miliyoyin daloli an sayar da shi a ƙasa da abin da aka kashe masa.

Mutane sun ɗauka an gama. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Zagaye na biyu: Cox da Jones

Kiran ya dawo da ƙarfin da ya ninka na da. A 2020 da 2021 babu wani nau'in kiran takura da jama'a suka fi kai ƙorafinsa gaban hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, kamar na garantin mota. Da aka bi sawun kiraye-kirayen daga kamfanin waya zuwa kamfanin waya, sai aka tarar mafi yawansu daga gungu ɗaya suke fitowa, kuma hukuma ta ambaci mutum biyu a kan gaba, Roy Cox Jr. da Aaron Michael Jones. Abin mamaki, dukansu biyu kotu ta riga ta haramta musu sana'ar talla ta waya har abada bayan ƙararrakin da FTC ta kai su a baya. Sai suka koma bayan labule, aka buɗe kamfanoni da sunayen wasu, wasu a Amurka, wasu a Fanama da Hangari. Wanda aka fi ambata shi ne Sumco Panama.

Alƙaluman da FCC ta bayar suna da ban tsoro. Ta ce gungun ya buga kira sama da biliyan 8 daga 2018. A cikin wata 3 kacal na farkon 2021 sun buga sama da biliyan 5 zuwa lambobi sama da miliyan 500, suna fakewa da lambobin ƙarya sama da miliyan 1. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: biliyan 5 a kwana 90 ya kama kusan miliyan 55 kowace rana, wato sama da kira 600 a kowace daƙiƙa, dare da rana. Mutanen ƙasar gaba ɗaya a lokacin kimanin miliyan 330 ne. Kuma wannan ya faru ne a tsakiyar annobar korona. Hukumar ta ce sun riƙa kiran ma'aikatan lafiya, sun kuma ari lambobin asibitoci, ta yadda mutanen da suka fusata suka riƙa kiran asibitocin suna faɗa, layukan da majinyata ke buƙata suka cushe.

A 7 ga Yuli na 2022 babban lauyan gwamnatin jihar Ohayo, Dave Yost, ya kai mutane da kamfanoni 22 kotu, FCC kuma ta aika wa kamfanonin waya 8 takardar gargaɗi. A 21 ga watan, ƙarƙashin shugabarta Jessica Rosenworcel, ta umarci dukkan kamfanonin wayar ƙasar su daina ɗaukar kiran wannan gungu. Wannan mataki ne ya yi aiki, domin maimakon a bi ɓarawo cikin daji, hanyar da yake bi aka toshe. Hukumar ta ce kiran garantin mota ya ragu da kashi 99 cikin 100. A watan Disamba na 2022 ta gabatar da tarar dala 299,997,000, ta tabbatar da ita a 3 ga Agusta na 2023. In aka raba wannan kuɗi a kan kira biliyan 5, kowane kira bai wuce santi 6 ba.

Yanka tara daban, karɓarta daban. FCC ba ta karɓa da kanta, sai ta miƙa wa ma'aikatar shari'a, kuma kafin a kai ga haka kuɗi sun sulale, kamfani ya zama suna a takarda. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa daga 2015 hukumar ta yanka wa masu irin wannan kira tarar dala miliyan 208, abin da ya shigo hannu kuwa dala 6,790 ne.

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Akwai ta 1991 wadda ta ba wanda aka kira ba da izininsa ba damar neman diyyar dala 500 a kan kowane kira, ko 1,500 in da gangan ne. Akwai rajistar "kada a kira ni" da aka buɗe a 2003, wadda ta tara lambobi sama da miliyan 240, sai dai mai bin doka kaɗai take hanawa. Akwai dokar TRACED ta Disamba 2019, wadda ta tilasta wa manyan kamfanonin waya su fara amfani da tsarin tantance lamba mai suna STIR/SHAKEN zuwa 30 ga Yuni na 2021, wani irin hatimi ne da ke shaida cewa lambar da ta fito ta mai kiran ce.

Yadda abin ya koma barkwanci

Wajen 2020 zuwa 2021, lokacin da annoba ta zaunar da mutane a gida da waya a hannu, jimlar nan ta fita daga tarho ta shiga raha. Ginin barkwancin ɗaya ne, tufafinsa ne suke sauyawa: a kai mutum wurin da babu wanda zai iya cim masa, a sa shi cikin ɗoki ko tsoro, sannan a buɗe saƙon a tarar maganar garantin mota ce.

Ga wanda jirgin ruwansa ya nutse, ya shekara shi kaɗai a tsibiri, sai igiyar ruwa ta kawo kwalba da takarda a ciki. Hannunsa na rawa ya buɗe, ya karanta: mun daɗe muna neman ka. Ga masana sun kafa manyan na'urori suna sauraron sararin samaniya shekara da shekaru, ran nan saƙo ya zo daga wata duniya, aka taru aka fassara, ashe garanti ne. Ga masu haƙar kabarin Fir'auna sun sha wahalar warware rubutun bango. Ga majinyaci ya farfaɗo daga doguwar suma, likita ya sunkuyo kusa da kunnensa. Ga fim ɗin ban tsoro, ana ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, dodo ya leƙo, amma ba jini yake nema ba, mil ɗin motarka yake tambaya. Wasu sukan rubuta dogon labari mai sosa rai, sai mai karatu ya kusa hawaye, layin ƙarshe ya juye ya zama tallar garanti. An buga jimlar a riguna da kofunan shayi da katunan gaisuwa.

Wani reshen kuma na masu ɗaukar kiran ne. Sai mutum ya danna 1, a tambaye shi motarsa, ya ce keken doki ne, ko motar wasan yara, ko wata tsohuwar akwala da ta ci mil rabin miliyan kuma yanzu haka hayaƙi take yi, ko za a iya sa ta a ciki yau? Tambayar da ta fi saurin sa su kashe waya ita ce mafi sauƙi: "Wace motar daga ciki kuke nufi?" Wanda ya ce fayil ɗinka yana gabansa ba zai iya amsawa ba.

Me ya sa wannan barkwanci ya karɓu haka? A fahimtarmu, dalili na farko yana cikin lafazin kansa. Wanda ya ce maka ya daɗe yana neman ka, ya yi magana ne irin ta ɗan'uwa ko tsohon aboki, har ka ji kamar kai ne mai laifi da ba a same ka ba. Sai kuma a ƙarasa da maganar da ba ta da ko ɗigon zumunci. Tazarar da ke tsakanin farkon jimlar da ƙarshenta ita ce abin dariyar, masu zane kawai faɗaɗa ta suka yi. Na biyu, Amurkawa mutane ne da siyasa ta raba, amma wannan kira bai san jam'iyya ba, bai san fari ko baƙi ba, ya samu sanata ya samu mai shara, don haka ba sai an yi wa kowa bayani ba. Na uku shi ne gazawa. Mutum ya yi rajista, ya toshe lamba, ya kai ƙara, kira bai fasa ba. Abin da ya fi ƙarfinka, in ji masu magana, sai ka mai da shi wasa.

Barkwancin ya yi amfanin da sanarwar hukuma ba ta yi ba, domin ya zama kamar rigakafi. Yaron da ya yi dariyar hoton kwalba a tsibiri, ran da muryar ta same shi ya san ta. Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Idan abu ya zama abin dariyar kowa, wanda ya faɗa ciki kunya takan hana shi magana, kuma da yawa cikin masu faɗawa tsofaffi ne masu zaman kaɗaici, da baƙi sababbin zuwa waɗanda Turanci bai zauna musu ba, suna ganin duk muryar da ta ambaci "fayil" ta gwamnati ce. Dattijuwar da aka ci wa dala 3,000 ba za ta so jikokinta su ji ba, alhali su ne suke tura wa juna hotunan. Akwai kuma asarar da ta shafi kowa: a binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2020, kusan 8 cikin 10 na Amurkawa sun ce ba sa ɗaukar kiran lambar da ba su sani ba. Likita ya kira, makaranta ta kira, mai neman taimako ya kira da wayar aro, duk a bar su suna ƙara.

Masu rama wa kura aniyarta

Wasu ba su tsaya ga dariya ba. Tunaninsu shi ne, na'ura ba ta gajiya amma mutumin da ke bayanta albashi ake biyan sa, to a cinye masa lokaci. Akwai wani shiri mai suna Lenny, muryar wani tsoho ce da aka naɗa cikin gajerun maganganu 16. Duk sanda mai talla ya yi shiru sai tsohon ya ce bai ji sosai ba, ko ya shiga labarin 'ya'yansa, can kuma ya ce a dakata ya kori agwagin da suka dame shi. In maganganun suka ƙare sai a sake maimaita mafi yawansu, kuma akan samu mai talla ya daɗe bai gane da inji yake magana ba. Wani injiniyan tarho, Roger Anderson, ya kafa Jolly Roger Telephone a kan wannan aiki. Akwai mai suna Kitboga da ya shahara a Twitch da YouTube, yana sauya murya ya zama tsohuwa, ya riƙe 'yan damfara awanni jama'a na kallo. A watan Maris na 2019 mai barkwancin talabijin John Oliver ya sa na'ura ta riƙa kiran kwamishinonin FCC duk bayan minti 90, don su ɗanɗana. A Ingila ma, kamfanin waya na O2 ya fito da wata "kaka" ta kwamfuta mai suna Daisy a 2024 don wannan manufa.

Ba ma ba ɗalibi shawarar ya shiga wannan wasa da layinsa. Duk daƙiƙar da ka yi kana magana, shaida ce cewa lambarka tana da rai. Kuma wanda ke ɗaya gefen sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne da aka ba takarda ya karanta, masu gidan suna can inda zagi ba ya kai wa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Wannan bai wanke shi daga laifi ba, amma zagin iyayensa ba ya mayar wa kowa da kuɗinsa.

Mas'alar da akan tambaya

Haramcin yaudara a ciniki ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da 'yan'uwa mazauna can suke tambaya shi ne hukuncin kwangilar kanta idan daga kamfani na gaskiya take. Garantin da ke biye da sayen mota, wanda mai ƙira ko mai sayarwa ya ɗauka, malaman zamani ba su ga laifinsa ba, domin sharaɗi ne a cikin ciniki kuma mabiyi ne ba abin nufi ba. Wanda ake saye daban da kuɗi daban, musamman daga wani na uku da ba shi ya sayar da motar ba, da yawansu sun haɗa shi da inshorar kasuwanci, saboda gararin da ke ciki: kana biyan sananne a kan abin da ba a san zai faru ba, ba a kuma san girmansa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, ta taimakekeniya ce madadinta. Wasu malamai sun sassauta idan an sayi ƙarin ne tare da motar a ciniki ɗaya daga mai sayarwa. Wallahu a'alamu.

Ga mai zama a can ko mai shirin zuwa

Muna da 'yan'uwa daga Nijar da Gana da Najeriya a unguwar Bronx ta Niyok da wasu garuruwa, kuma da yawansu da mota suke neman abinci, tasi ko kai saƙo. Su ne irin mutanen da maganar mutuwar giya take tayar wa hankali. Kamfanin da ya ƙera motarka ba ya sa na'ura ta kira ka ta nemi lambar kati. Wa'adin garantinka yana cikin littafin motar, dillali kuma zai iya duba maka da lambar jikin mota mai harafi da lamba 17. Duk kwangilar da aka hana ka karantawa kafin biya, ka bar ta. In an riga an cire maka kuɗi, ka sanar da bankinka da wuri ka ƙalubalanci cirewar, sannan ka kai rahoto ga FTC ko ofishin babban lauyan jiharka. Tallar talabijin ma ba hujja ba ce: a watan Yuli na 2024 kamfanin CarShield, wanda ya shahara da sa fitattun mutane a tallarsa, ya amince ya biya dala miliyan 10 don sasanta tuhumar FTC cewa tallarsa tana ɓatar da masu saye.

Bayan toshewar 2022, masu bin diddigin kiraye-kiraye sun ga wasu nau'o'in sun cike gurbin, kamar na yafe bashin karatu da na inshorar lafiyar tsofaffi. Muryar ma ta sauya. A da naɗaɗɗiya ce mai maimaita abu ɗaya, yanzu kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar mutum sananne. A watan Janairu na 2024 an kira masu zaɓe a jihar New Hampshire da muryar da aka ƙirƙira ta Shugaba Joe Biden ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani, kuma a 8 ga Fabrairu na shekarar FCC ta yanke cewa irin wannan murya ta shiga ƙarƙashin haramcin dokar 1991.